Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Babban Bankin Yammacin Afirka Game Da Sefa Da Sidi

Daga zangon Tanjuware, Jihar Savanes, arewacin Togo.

Zuwa ga Mai Girma Jean-Claude Kassi Brou, Gwamnan Babban Bankin Ƙasashen Yammacin Afirka, BCEAO, Dakar.

Ranka ya daɗe,



Ba al'adarmu ba ce talaka ya tsallake na kusa da shi ya ɗaga murya zuwa ga na nesa, kuma da a ce akwai wata ƙofa da ba mu ƙwanƙwasa ba, da ban ɗauki alƙalami ba. Mun kai kukanmu ga sarakunan kasuwa, mun kai ga ma'aikatan bankunan 'yan kasuwa, mun kai ga jami'an hukuma na kusa da mu, 'yan'uwanmu na Sokode kuma, da yake sun fi mu kusa da Lome, sun yi magana a inda muryarsu ke iya kaiwa. Kowa ya saurare mu da mutunci, kowa kuma ya sallame mu da amsa guda, wai sha'anin kuɗi ba a hannunsa yake ba, yana Dakar. Tun da yake an nuna mana ƙofarka, sai ka yi haƙuri ka saurare mu, ko da maganar ta yi tsawo.

Tanjuware tana kan babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Kara da Mango, ta wuce Dapaong ta kai Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso. Tsakaninmu da Lome fiye da kilomita 500 ne, alhali kuwa Gana tana nan yamma da mu, ƙasar Bunkpurugu, inda mutum kan tafi da safe ya dawo da yamma. Mobawan da suka karɓi kakanninmu baƙunci, danginsu ne ke zaune a can ƙetare, harshe guda, aure guda, makoki guda. Saboda haka mai sayen shanunmu da zabinmu da masararmu da waken soya sau da yawa da sidi yake zuwa, mu ma idan za mu sari kaya a Bawku ko Kumashi sidi muke nema. Ga kuwa abin da ya kawo ni: tun ranar 1 ga Janairu 1999 duniya duka ta san yuro ɗaya sefa 655.957 ne, an ƙididdige shi daki-daki har abin da bai kai tamma guda ba, kuma bai taɓa gusawa ba. Amma farashin sefa a kan kuɗin maƙwabcin da muke jin carar zakaransa, wannan babu wanda ya tsaya mana a kansa. Kamar gida ne da aka buɗe wa ƙofa ta fuskar teku, aka toshe bangon da ke wajen maƙwabci.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin tarihin kuɗi, amma ka karanta shi ne daga sama, mu kuwa daga ƙasa muka gan shi, don haka ka bar ni in faɗe shi yadda ya same mu. Lokacin da fataken Kano da Katsina ke koro jakuna da kanwa da tufafi da fatu, su yada zango a Sansanin Mango, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja su komo da goro, wuri ne kuɗi tun daga farkon hanya har ƙarshenta, kuma ko da yake ƙimarsa takan bambanta daga gari zuwa gari, ba a bukatar a canja shi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da sauran zanguna, Jamus ta hau arewa da kuɗinta na maki, yaƙin 1914 ya kore ta, sa'an nan a 1919 Ingila da Faransa suka raba ƙasar Togo, aka ja layi ta tsakiyar gonakin Moba, gabas faran, yamma sule da fam. Masu mulki suka ƙi karɓar wuri a haraji, ya yi ta mutuwa sannu a hankali a hannun waɗanda suka tara shi. Ranar 26 ga Disamba 1945 aka ƙago sefa, a 1955 aka kafa ma'aikatar buga kuɗi wadda sunan Togo ke cikin sunanta, ita ce ta rikiɗe ta zama bankinku a 1959. A ɗaya gefen kuwa, ƙuri'ar raba gardama ta watan Mayu 1956 ta haɗa Togon Ingila da Gana. Shugabanmu na farko, Sylvanus Olympio, yana cikin shirin kafa wa Togo kuɗinta na kanta aka kashe shi ranar 13 ga Janairu 1963, kafin ƙarshen wannan shekara kuma Togo ta shiga ƙungiyar kuɗin da kake shugabantar bankinta yau. A cikin duk waɗannan hukunce-hukunce ba a taɓa tambayar mutumin bakin iyaka ba, amma a aljihunsa kowannensu ya sauka.

To, dubi abin da dattijon da aka haifa a shekarar 1960 ya gani da idonsa. A shekarar haihuwarsa fam ɗin Gana kimanin sefa 690 ne. A watan Yuli 1965 Nkrumah ya fito da sidi, wanda ya kama wajen sefa 290. Bayan an tumɓuke shi, a watan Fabrairu 1967 aka fito da sabon sidi mai ƙimar sule goma, watau kimanin sefa 345. Daga nan sai gangara. Busia, da ya karɓi mulkin Gana daga baya, ya karya darajarsa a watan Disamba 1971, bai ƙara wata guda a kan mulki ba soja suka hamɓarar da shi. Daga 1978 zuwa 1983 hukuma ta kafe a kan sidi 2.75 ne dalar Amurka, alhali a bayan fage ana sayar da ita ninki goma har fiye, zamanin da mutanen Gana ke kira kalabule, lokacin da sabulu da sukari suka ɓace daga kantunansu suka koma nema a kasuwanninmu. Kafin tsakiyar 2007 jaka guda ta sefa, watau 1,000, tana sayen tsohon sidi kusan 19,000, har mutane suna ɗaukar kuɗin saniya a buhu. A watan Yuli na wannan shekara aka yanke sifili huɗu, sidi 10,000 ya koma ɗaya, wannan ɗayan kuma ya fi sefa 500. A farkon 2022 ya sauko wajen 95, a watan Nuwamba bai kai 50 ba, a ƙarshen 2024 yana wajen 40, sai kuma ya juyo ya hau zuwa wajen 55 a tsakiyar 2025. Kuɗi iri huɗu ke nan a rayuwar mutum guda, kuma kowace hawa da kowace sauka sai ta bar wani da hasara a tsakanin Tanjuware da Bunkpurugu.

Ba na ɗora maka alhakin abin da Akra ta yi da kuɗinta, kuma zalunci ne in ƙi faɗin alherin da muka gani. A watan Disamba 2022, lokacin da tsadar kaya a Gana ta haura kashi 54 cikin 100, tamu ba ta kai 10 ba, kuma gwauruwar da ta ƙulle jaka biyar a bakin zane ta kwance ta same su da sauran albarka. Na san masana suna jayayya a kan ɗaurin sefa da yuro, ɗan ƙasarmu Kako Nubukpo yana cikin masu suka, har an yi babban taro a kan haka a Lome a watan Mayu 2021. Wannan muhawara ta masu ilmin tattali ce, kuma ba ita ta sa na rubuto ba. Kukanmu ya fi wannan kusa da ƙasa.

Na farko, kuma shi ne uwar sauran, ba mu da sanannen farashi. Idan ma akwai shi a littattafan banki ko a intanet cikin Faransanci, bai taɓa isowa kasuwar ƙauye ba. Abin da ke faruwa shi ne, ɗan canji yakan buga waya Sinkase, na Sinkase ya ji daga Bawku ko Lome, kowa kuma ya ƙara ɗan abin da zai kare kansa, domin yana tsoron kada sidin da ya saya da hantsi ya zube kafin la'asar. Kafin farashi ya iso hannun matar da ta kawo zabi uku, an rage shi sau uku ko huɗu, ita kuwa ba ta da abin da za ta gwada shi da shi. Babban falke mai waya da abokan hulɗa yakan sami farashi mai kyau, mai ƙaramin ƙarfi ya sami mafi muni, wannan kuwa juyin adalci ne. Ina shaida cewa galibin 'yan canjinmu mutanen kirki ne masu tsoron Allah, kuma suna kiyaye abin da malamanmu na Malikiyya suka karantar a babin sarfu, cewa musayar kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yin ta, ba jinkiri, don gudun riba. Amma sahihancin ciniki yana bukatar yardar da aka gina a kan sani, wanda kuwa bai san ƙimar abin da ke hannunsa ba yardarsa raunanniya ce.

Abin ya fi tsanani a wajen bashi. A ƙaddara mutum ya ba da shanu bashi a farkon 2022 a kan sidi 10,000, yana lissafin sefa 950,000. Aka biya shi cif a watan Nuwamba, ya canja, bai sami 500,000 ba. Mai biya bai ci amana ba, abin da aka ambata shi ya kawo. Mai karɓa kuma bai yi ƙarya ba da ya ce an cinye masa rabin garke. Irin wannan shari'a ita ke zuwa zauren limamai da masu unguwa, tare da ta sadakin da aka yanka a wancan gefe za a biya a wannan, da ta gadon da rabinsa ke Gana, da ta nisabin zakka ga mai dukiya iri biyu. Fuƙaha'u da kansu sun yi saɓani a kan bashin da kuɗinsa ya karye, ko misalinsa za a biya ko ƙimarsa, kuma ko da malami ya zaɓi yin sulhu a kan ƙima, da wane farashi zai yi, na wace rana, daga bakin wa? Zumuncin da ya shekara hamsin yakan tsinke a kan wannan tambaya. Tambarin da ke kan kowace takarda da kowane ƙarfe na bankinku, siffar kifin nan mai zarto, ma'aunin zinariya ne na mutanen Akan. Wanda ya ɗauki ma'auni ya yi tambari da shi ya yarda ke nan cewa aikin hisba yana wuyansa, kuma ma'aunin da muke bukata a nan shi ne na sefa da sidi.

Na biyu, babu halattacciyar hanya mai sauƙi da kuɗi zai bi ya ƙetare. Wanda ya nufi banki don ya biya abokin cinikinsa na Kumashi, galibi sai an juya kuɗinsa zuwa dalar Amurka ko yuro tukuna, a ci lada a shiga, a ci a fita, ga takardun da ƙaramin falke ba shi da su. Don haka mutane suke ɗaure tsabar kuɗi a jiki su hau babur su bi daji, a jihar da take ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun watan Yuni 2022 saboda 'yan bindiga, inda mai ɗauke da kuɗi da yawa yake tsoron ɗan fashi, yake kuma tsoron a tuhume shi da abin da bai sani ba. Tun watan Agusta 1993 bankinku ya daina fansar takardun sefa da suka fita wajen ƙasashen faran, don toshe sulalewar dukiya, kuma an fahimci dalilin a lokacin. Sai dai abin da ya haifar shi ne duk musayar da ke tsakaninmu da Gana ta koma gindin bishiya. Sharuɗɗan samun izinin buɗe ofishin canji kuma an yanka su ne daidai da attajiran Lome da Abijan, ba daidai da mai tebur da jaka ba, sai ya zama mutumin da kasuwa duka ta dogara a kansa ba shi da matsayi a gaban doka. Abin baƙin ciki, Togo ce tare da Nijeriya suka jagoranci kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975, a wannan shekara kuma aka amince da kafa gidan warware biyan kuɗi na yankin a Firitawun, a watan Janairu 2022 kuma aka ƙaddamar da tsarin PAPSS a Akra don a riƙa biya da kuɗin gida. Shekara hamsin ana gina gadoji a takarda, mu kuwa har yau da ƙafa muke ratsa rafin. 'Yan'uwanmu na Sokode masu sarin kaya a Legas da Kano suna da irin wannan kuka game da naira, wadda a 1980 ta fi sefa 300 a farashin hukuma, yau kuwa sefa guda ta fi naira biyu.

Na uku gajere ne, amma kullum muna cikinsa: ƙarancin canji da tsufan takardu. Ƙarfen sefa 25 da 50 da 100 sun yi wuya har ciniki yakan mutu a kan rashinsu, ko a cika wa mutum da alawa ko ashana ba da sonsa ba. Takardun 500 da 1,000 kuma sukan yi laushi su yage har a ƙi karɓarsu, reshen bankinku mafi kusa da mu kuwa yana Kara.

Na huɗu tsoro ne, kuma tsoro ne da tarihi ya koya mana. A watan Maris 1979 Gana ta rufe iyakokinta ta canja takardunta, mai 10 aka ba shi 7, abin da ya haura 5,000 kuma aka ba da rabi, sidin da ke hannun mutanen wannan gefe ya zama takardar banza. A 1982 aka janye takardar sidi 50. A watan Afrilu 1984 Nijeriya ta rufe iyaka ta canja launin naira, fataken da ke waje suka tafka irin wannan hasara. Sa'an nan namu ya zo: bayan an daɗe ana musanta cewa za a taɓa sefa, ranar 11 ga Janairu 1994 shugabanni suka taru a Dakar, washegari aka wayi gari faran ɗin Faransa da ke sefa 50 ya koma 100, Togo kuwa ba ta gama farfaɗowa daga dogon yajin aikin 1992 da 1993 ba. Magani da taki da kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabi, tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a wannan shekara, maniyyacin da ya shekara goma yana tara guzurin Hajji ya ga rabinsa ya narke a dare guda, masu labari kuwa sun riga sun fitar da nasu. A 2004, bayan fashin da aka yi a rassan bankinku na Kodebuwa, aka janye takardun 1992 cikin wata uku da rabi, daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Disamba, aka ɗan ƙara wa'adi a farkon 2005. Wannan ya ishi ɗan birni, amma makiyayi da ke ruga da tsohuwar da ta binne nata a tukunya ba lalle labari ya same su a kan kari ba. Yanzu kuma tun ranar 21 ga Disamba 2019, da shugabannin Kodebuwa da Faransa suka yi shela a Abijan, muna jin za a sauya sefa da eko, ECOWAS kuma, bayan ɗage-ɗage tun daga 2003, ta sa 2027. Duk lokacin da jita-jita ta taso kasuwa takan rikice, wanda ba shi da labari kuma shi ke sayar da nasa da araha.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙonka da girman kujerarka ka sa a riƙa fitar da farashin sefa a kan sidi da naira kowace safiya, a karanta shi a gidajen rediyon Dapaong da Mango da Sokode da harsunan Moba da Hausa da Tem da Fulatanci, a kuma aika shi ta saƙon waya ga mai so. Ba muna neman a tilasta wa kowa saye ko sayarwa a kansa ba ne, muna so ne ya zama abin komawa ga mai ciniki da mai sulhu, kuma a ajiye na kwanakin baya inda limami ko alƙali zai iya nemansa.

Muna roƙo ka zauna da takwaranka na Babban Bankin Gana ku buɗe hanyar da ƙaramin falke zai biya da sefa daga wayarsa, abokinsa ya karɓa da sidi, ba tare da an ratsa ta kuɗin Turai ko na Amurka ba, ko da za a fara da ƙananan kuɗi ne a garuruwan bakin iyaka. Kuma a yanka wa ƙananan 'yan canji izini daidai ƙarfinsu, a san su, a rubuta su, su fito fili su yi sana'arsu da mutunci. Muna roƙo a riƙa turo ƙarfe da sababbin takardu zuwa Dapaong a kai a kai, a kuma sa ranakun da za a karɓi yagaggu a manyan kasuwanni.

Idan kuwa ranar sauya kuɗi ta zo, da wane suna ne, da wace ƙima ce, muna roƙo a gaya mana gaskiya tun da wuri da harshen da muke ji, a ba da wa'adi mai faɗi wanda zai haɗa damina da rani, a kawo teburan canji har ƙauyuka da rugage, kada a tauye wa kowa ko tamma, kada kuma a manta da sefar da ke hannun danginmu na ƙetaren iyaka. Daga ƙarshe, muna roƙo ka turo wakili ya zo Sinkase da Tanjuware ranar kasuwa, ya zauna da fatake da mata masu ƙananan sana'a da 'yan canji, ya ji daga bakinsu, ya kai maka. Masaukinsa yana wuyanmu.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon dubawa. Muna sauraron amsa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ɗaya daga cikin 'yan zangon Tanjuware, da yawun fatake da 'yan canji da masu ƙananan sana'a na Tanjuware da Dapaong da Sokode.